Muryar Ladan a Bakin Tur'a

Ana cewa takaba ba kurkuku ba ce, to je ka gaya wa Asibi haka. Tun da aka binne mijinta Ladan ba ta taka ƙofar gida ba, ga dangin miji sun sa mata ido. Abin da ke cinta kuwa 'yarta Najwa kaɗai ta gaya wa: muryar Ladan ta fara ɓace mata. Mutumin da in ya ɗaga waƙa a gonar auduga ko rago sai ya duƙa! Fuskarsa tana nan daram, muryar ce ke gudu, kuma tsoro ya kama ta.

Najwa, ma'aikaciyar jinya a Sinja ta ƙasar Sudan, wadda Larabci ya fi kama bakinta, ta gano wasu ɗalibai sun taɓa naɗar waƙoƙinsa sun ɗora a intanet. Manhajoji biyu ke da su. Ɗaya tana bari a ajiye waƙa cikin waya, amma sautin shaa kamar ruwa bisa kwano. Ɗayar tangaram, sai dai ba ta motsi in babu shabaka, wato sabis.

'Yar birni! Ta goge ta farkon, ta hau mota zuwa ƙauye da ta biyun.

"Yumma, har numfashinsa za ki ji," ta ce wa uwarta.

Kayya. Shabaka a ƙauyen nan ba ta shiga gida. Sun gwada ɗaki, sun gwada gindin rumbu, Najwa har kan katanga ta hau, waya shiru. Sai bakin tur'a, hanyar ruwan gonaki, can bayan gari. Asibi ta yafa mayafi ta nufi zaure, yayar Ladan ta ɗago kai daga tabarma.

"Ina zuwa, Asibi?"

Ta dawo ta zauna. Ga shi gobe Najwa za ta koma aiki da wayarta.

"Tafi ke ki jiyo," Asibi ta ce mata. "Ki riƙo mini ko baiti guda, in na ji kalmomin, muryar za ta biyo."

Najwa ta daɗe. Da ta shigo, idonta ja wur.

"Kin jiya shi?"

"Na ji. Ras, kamar yana gabana."

"To, mi ya ce?"

 Najwa ta durƙusa, ta amsa da Larabci: "Yumma, ban gane Hausarsa ba."