Warin Hagu

Shekara talatin da ɗaya mai gyaran takalmi ya yi a gindin katangar da ke kallon ƙofar asibiti. Abin da likitoci suka koya a littafi, shi a ƙafa ya koye shi, don ƙafa kaɗai ake miƙo masa. Ya san masu kawo takalmi a buɗa musu: mai ciki, malamin makarantar da ke wuni a tsaye, tsohon da aka canza wa maganin hawan jini. Akwai kuma waɗanda zuciya ko ƙoda ko hanta ta fara gajiya, ruwa ya gangaro ya taru musu a idon sawu. Waɗannan sukan ce gobe za su karɓa, wasu kuma goben ba ta same su ba. Dukkansu dai ƙafa biyu ke kumbura musu, takalmi biyu suke kawowa. Matarsa ma haka ta yi. Sau uku ya buɗa mata nata yana jin kansa gwani, kafin wani ya yi tunanin sauraron ƙirjinta, lokacin da sauraron bai da sauran amfani.

Wata rana da hantsi ƙanensa, direban tirela, ya zo yana ɗingishi ya jefa masa wari ɗaya a kan benci.

"Yaya, buɗa min wannan. Sauri nake, an gama lodi, kafin azahar zan ɗau hanya."

"Ina ɗan'uwansa?"

"Ga shi a ƙafata. Shi lafiyarsa lau, na hagun ne ke cizo."

Mai gyaran takalmi ya juya warin a hannu, bai ko kalli katakon buɗawa ba. "Auta, ɗaga wandonka."

"Takalmi na kawo, ban kawo ƙafa ba."

"Ɗaga, na ce."

Direban ya yi tsaki ya ɗaga. Idon sawun ya ɓace cikin kumburi, fatar tana sheƙi kamar an goge ta da mai. Yayan ya ɗora bayan hannunsa a kan sharaɓar, ya ji ta da ɗumi, ya taɓa ta dama ya ji ta sanyi ƙalau. Ya zari zaren ɗinki ya zagaya wannan, ya zagaya waccan. Ta hagun ta fi da faɗin yatsa uku.

"Ka bugu ne? Ko wani abu ya cije ka?"

"Ba ko ɗaya. Ƙafar kuloci ce, ta gaji."

"Shekara ashirin kana taka kulocin nan, sai yau ta san gajiya? Kwana nawa ka yi a zaune?"

"Biyu. Layi muka tarar, a kan kujera na kwana. Kai Yaya, tambaya kamar ɗan sanda! Uwargida ta matsa min ita da man zafi, in na tsaya a hanya akwai mai tausa, ya murza ta da kyau shi ke nan."

Yayan ya ajiye zaren. Ya taɓa jin wani likita, yana jiran a manna masa dunduniyar takalmi, yana faɗa wa ɗalibansa cewa ƙafa ɗaya in ta kumbura da ɗumi bayan dogon zama, a ji tsoron jini ne ya daskare a jijiya. In aka murza, gudan kan ɓalle ya bi jini ya je ya toshe huhu, mutum yana cikin magana sai ya kife.

"Taku arba'in ne," ya ce, ya nuna ƙofar asibitin da haɓa. "Tsallaka a duba ka."

"Su riƙe ni? Kaya na jira, mai mota na jira. Akwai direba goma da ke addu'ar in yi tari su hau kujerata. Wanzami ba ya son jarfa, amma kai tun da Allah Ya yi wa Anti matarka rasuwa kowa ka gani gawa ne."

Yayan ya jawo warin gabansa. Ya ɗauki wuƙar yankan fata, ya kwantar da takalmin a kan katako, ya tsarge shi daga baki har hanci, a hankali, yadda yake yin aikin da yake so ya yi kyau. Ya raba fatar da tafin, ya ajiye su gefe da gefe.

"Na buɗa," ya ce.

Direban ya miƙe zumbur. "Ka haukace ne? Sabon takalmi! Wallahi ko da silifa ne sai na..." Maganar ta tsaya masa. Ya dafa katanga, ya ja numfashi, bai ishe shi ba, ya sake ja. Ya yi wani ɗan busasshen tari.

"Tun yaushe kake wannan hakin?"

"Fushi ne."

"Tun kana rarrafe nake ba ka haushi, ban taɓa ganin ka yi haki ba."

Wata nas da ta saba kawo masa gyara ta fito daga ƙofar asibitin za ta sayi ruwa. Mai gyaran takalmi, wanda bai taɓa ɗaga murya don neman ciniki ba, ya ƙwala mata kira har masu jiran mota suka waiwayo.

"Baba, lafiya? Ai ban da kaya a wurinka."

"Ni ke da kaya a wurinki, Sista. Dubi ƙafar nan."

Ta duba, ba ta matsa ba. Ta kama wuyan hannun direban tana kallon agogonta, murmushin da ta zo da shi ya tafi. "Malam, in ka ja numfashi ƙirjinka na suka?"

"Kaɗan," ya ce, bai kalli yayansa ba.

"Zauna. Kar ka ƙara taku ko ɗaya, kar kowa ya taɓa ƙafar. Zan kawo keke."

"Hajiya, da ƙafata zan iya..."

"Na ce zauna!" Ta tsallaka titi da gudu, tana tare motoci da hannu.

Wayar direban ta hau ruri a aljihu. Ya ciro, ya ga mai mota ne. Ya miƙa wa yayan. "Kai ka ɓata, kai za ka yi bayani."

Yayan ya kara a kunne. "Ranka ya daɗe, ka nemi wani direba. A'a, ba shi ba ne, wansa ne. Kayan naka ba sa numfashi, za su iya jira." Ya kashe.

Aka tura ƙanen a keken marasa lafiya, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya tsirara, bai waiwayo ba. Yayan ya bi su har bakin ɗakin gaggawa, aka tsayar da shi a nan. Ya zauna kan benci cikin warin maganin wanke ƙasa, yana kallon ƙafafun masu wucewa don bai san inda kuma zai kalla ba. Azahar ta yi ta wuce.

Can wajen la'asar nas ɗin ta leƙo.

"An yi hoto, gudan jini ne, ɗan guntu ma ya riga ya kai huhu. An fara masa allurar tsinka jini, zai yi kwanaki a nan." Ta rage murya. "Amma Baba, ya ce kar a bari ka shigo."

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da ƙarfi ma, har na gadon ƙarshe ya farka."

"To madalla," in ji mai gyaran takalmi. Ya gyara zama a kan bencin.