Kifayen Yaya a Bokiti Ɗaya

Auta ba ta taɓa damuwa da kifayen yayanta ba, sai da aka kwantar da shi a asibiti aka yi masa aikin zuciya. Matarsa ta tare can tana jinya, aka bar wa Auta makullin gida da tankuna biyu na gilashi a falo. Kifayen dangin karfasa ne, ƙanana kamar ɗan yatsa, shuɗi da ratsin baƙi. A idonta duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Yaya kuwa ya sha faɗa cewa jinsi biyu ne: na tankin taga salihai ne, na tankin ƙofa 'yan daba, in aka haɗa su sai an yi gawa.

Ranar da za a sallame shi, ta ga gilasan sun yi kore, ta ce bari ta wanke ya dawo ya ji daɗi. Bokiti ɗaya ta samu mai tsafta. Ta kwashe na taga ta zuba, ta kwashe na ƙofa ta ƙara a kai, ta kama goge-goge tana 'yar waƙarta.

Ƙarar fantsalar ruwa ce ta juyo da ita. Cikin bokitin an kaure. Wani kifi ya kifa ciki sama, jelarsa a yage kamar tsohon tsumma, wasu biyu na ta sararsa. Sai a lokacin maganar Yaya ta faɗo mata. Ta tsugunna ta zura 'yar ragar kamun, amma wanne za ta kama? Duk wanda ta duba shuɗi ne mai ratsi. Kuma likita ya ja musu kunne cewa kada a bari ran mutumin nan ya ɓaci ko kaɗan, ɗinkin ƙirjinsa bai gama kamawa ba.

Ta kira matar yayan a waya, murya ƙasa-ƙasa, ta faɗa mata abin da ta aikata. Matar ta yi salati, ta ce ita ma ba ta iya bambanta su, abinci kawai take zuba musu. Suna cikin wannan raɗa Auta ta ji an karɓe wayar, sannan numfashin Yaya ya cika ta, mai nauyi, a hankali.

"Auta, me kika yi wa yarana?"

Ta so ta yi ƙarya, bakinta ya ƙi. Ta faɗa masa duka. Shirun da ya biyo baya ya yi mata tsawo har ta fara kiran sunan Allah a zuci, tana kasa kunne ko za ta ji gudun ma'aikatan jinya.

"Yaya, kana ji na? Don Allah ka yi magana."

Ya ce yana nan, gyara matashin kai yake yi. Ya ce ta daina kallon jikinsu, jiki ruɗi ne. Ya ce ta samo kwalba mai faɗin baki, ta riƙa kamo su ɗaya-ɗaya tana ɗagawa wajen hasken taga, ta dubi goshi. Wanda ratsin ya haye goshinsa tsakanin ido da ido, ɗan daba ne, a mayar da shi tankin ƙofa. Wanda fuskarsa ta yi duhu bai ɗaya, ba ratsi, na taga ne.

Ta juye kwalbar sukari a faranti, ta ɗauraye, ta fara. Kifi ba ya tsayawa a kalle shi. Sai ta yi ta juya kwalbar, gumi na shiga mata ido, kafin ya fuskance ta na ƙiftawar ido ya sake bauɗewa. Duk lokacin da Yaya ya yi tari a waya, sai ta dakata ta kasa kunne. Sau ɗaya ta yi kuskure ta jefa salihi cikin 'yan daba, suka yi masa caa, ta tsoma hannu har gwiwa ta fito da shi, hannun rigarta sharkaf.

Ta ƙarshen da ta kamo ita ta fi tayar mata da hankali. Maƙogwaronta ya kumbura, bakinta a rufe gam, tana ta motsa muƙamuƙi kamar mai shaƙewa. Auta ta ce wannan kam sun fasa mata wuya, mutuwa za ta yi. Yaya ya tambaya ko tana ganin baƙaƙen ɗigo ta fatar maƙogwaron. Ta matso da kwalbar daf da hancinta. Ɗigon na nan, kuma suna motsi.

"Idanun 'ya'yanta ne," in ji shi. "A baki take goyonsu. Kada ki girgiza ta, in ta firgita za ta tofar da su."

Auta ta ɗauki kwalbar da hannu biyu, ta taka zuwa tankin taga kamar mai tafiya kan ƙwai, ta nutsar da ita a hankali har uwar ta fice da kanta ta shige bayan dutse.

Wanda aka yage wa jela bai kai azahar ba. Ta naɗe shi a takarda, ta rasa inda za ta kai shi, ta ajiye bayan tukunyar fure.

Da yamma aka shigo da Yaya, matarsa na riƙe da hannunsa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bai zauna ba sai da ya tsaya gaban kowane tanki ya daɗe yana kallo, Auta na bayansa tana lura da yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka. Ya tambayi inda mamacin yake, ta nuna. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan shi ne ya fi kowa daɗewa a gidan. Daga nan ya nemi a jawo masa kujera kusa da taga, ya ce wa Auta ta je ta canza riga kafin mura ta kama ta, gidan ba zai iya da marasa lafiya biyu ba.