Murjanin Kyaftin

"Ba nan ba, ƙarƙashin dutsen. Can suke zuba ƙwai," in ji Kyaftin.

Mai Walda ya juya dutsen murjanin a bokiti, ya ci gaba da gurzawa da buroshin haƙori. Hannun da ya saba da ƙarfe, yau ga shi yana wanke abin da ko a miya ba a sakawa. Maƙwabcinsa Kyaftin, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, yana kwance a gadon da aka jawo masa falo, dab da akwatin gilashin da yake kiwon murjani mai rai, irin wanda ke tsiro kan duwatsun ƙarƙashin teku, a ruwan gishiri. Likita ya riga ya ce wa 'yarsa a mayar da shi gida kawai.

Surukin Kyaftin ne ya jawo wannan aiki. Ya sayo sabon reshen murjani don ya faranta wa mara lafiya, ya jefa ciki kai tsaye, alhali dokar Kyaftin baƙo sai ya yi zaman bokiti an ga halinsa tukuna. Ashe da 'yan tsutsotsi ya zo. Suka hau babban murjanin da Kyaftin ya raina tun yana kamar ɗan yatsa, suka mayar da gefensa fari fat.

Mai Walda ya ce a zubar da ruwan kowa ya huta. Kyaftin ya ce masa kansa ma ƙarfe ne. Tsutsar kabari ya yarda da ita, amma ta falo ba ta isa ba.

Haka suka yi ta fama. A tsoma a magani, a ɗauraye, a kankare ƙwai, a jira na ɓoye su ƙyanƙyashe, a sake. Surukin, don kunya, ya ɗauki canjin ruwa. Muryar Kyaftin tana raguwa, masifar tana nan.

Wata safiya Mai Walda ya girgiza dutsen a farin bokiti, ya kai bakin taga. Ko ɗaya babu.

"Duba da kyau, makaho."

"Na duba, Yaya. Mun gama da su."

Kyaftin ya sa aka ɗago shi. A bakin farin tabon, wani siririn kore ya fara rufowa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya nemi shayi, ya sha rabi.

Kafin rana ta raba ya cika.

Da jama'a suka watse, Mai Walda ya leƙa falon. An fitar da gadon. Famfon ruwan akwatin yana ta 'yar ƙararsa, murjanin ya baje 'yan gashinsa, ruwa yana kaɗa su.