Mintocin Wiebe

Sjoukje ta tarar da Kawu Harm gaban kwamfuta, yatsansa a kan maɓallin gogewa. Wasiƙar lauyoyi na gefensa, ya ɗora mata guntun cuku don wulaƙanci.

"Kin zo jana'izar ubanki ta biyu?" ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Zauna. Wannan ba ta buƙatar furanni."

Shekara arba'in mahaifinta, Wiebe, ya yi a kan keke, daga wannan coci zuwa waccan tashar jirgin ƙasa, yana tonon tsoffin jaridu don gano yadda agogon ƙauyukan yankinsu na Friesland ke tafiya a zamanin da kowane gari ke da tasa tsakar rana. Har agogon bangon kicin ɗinsa ya saita a tsohon lokacin ƙauyensu, baƙi na ta makara a gidansa yana dariya. Amininsa Harm ne ke shigar da binciken cikin rumbun lokutan duniya, wanda wayoyi da kwamfutoci ke ɗiba kyauta. Ladan Wiebe ɗaya ne tak: sunansa a ƙarƙashin kowane layi.

Da ya rasu, sai ga wasu masu manhajar duban taurari da baki mai zaƙi, wai za su buga littattafansa har da hotonsa a bango. Sjoukje ta kwashe musu duk takardun bincikensa, ta sa hannu ba ta karanta ba, tana ganin gata ta yi wa mamaci. Littafi dai shiru. Wasiƙa ce ta zo: duk abin da ya fito daga rubutun Wiebe mallakarsu ne, a goge shi daga rumbun kafin Juma'a ko a haɗu a kotu.

"Haba Kawu, kwanan wata ne fa da awa! Wa ya mallaki ƙarfe sha biyun da ta wuce shekara ɗari?"

"Jeki tambayi waɗanda kika sa wa hannu."

Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa idonta.

"To mu je kotun mana."

"Za mu iya ci, 'yata, bayan shekara biyar. Ni kuwa likita bai ba ni biyar ba."

Ya danna. Layi ɗari uku da wani abu, sunan Wiebe na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ya tsaya ya goge tabarau, sannan ya danna shi ma.

* * *

Ranar Lahadi ta je kwashe kayan gidan mahaifinta. Agogon kicin ya tsaya, don tun rasuwar babu wanda ya murɗa shi. Ta hau kujera, ta murɗa shi, ya kama bugawa. Sai a nan ta tuna ba ta san minti nawa ƙauyensu ke bayan agogon yau ba. Sau dubu ya faɗa mata a kan teburin nan, ita kuwa tana cewa, "Baba, don Allah ci abincinka."

Ta kira Harm.

"Talatin da wani abu ne," ya ce a hankali. "Wallahi na manta, 'yata. Ni kwafa kawai nake yi. Shi ne ya sani."

Ta ajiye wayar. Ta daɗe a kan kujerar, yatsanta a kan dogon hannun agogon, ba ta san inda za ta tsayar da shi ba.