Ƙanƙarar Kawu a Kan Tudu

Da Kawu ya sayi injin yin ƙanƙara don sayar wa masu kifi, sai ya ce tunda ni ce na yi jami'a a gidan, in raka shi duba fili. Na rubuta abubuwan lura a takarda: kusa da masu saye, hanya mai kyau, wuta, ruwa. Takardar ba ta fito daga jakata ba, domin Kawu yana da tasa dabarar. Kujerar roba yake kafawa a tsakiyar fili, ya zauna ya rufe ido. Inda barci ya ɗauke shi, nan ne wuri mai albarka.

A filin da ke jikin kasuwar kifi, bakin teku, ko minti biyar bai yi ba. Ga rurin injinan kwale-kwale, ga ƙarni, wani tsuntsu kuma ya yi masa ɓarna a hula. A kan tudu kuwa, kilomita goma sha ɗaya daga ruwa, awa biyu ya yi yana minshari, ina kore masa ƙuda.

"'Yata, kin ga wuri?"

"Kawu, masu sayen suna can ƙasa," na faɗa ƙasa-ƙasa cikin mayafina.

"Ai gangara ce. Mota ko mai ba za ta sha ba."

Aka kafa inji a tudu. Shugabar masu kifi, wadda ake kira Uwar Kwando, ta ce a kai mata bulon ƙanƙara arba'in kafin kwale-kwale su dawo da azahar. In ta gamsu, cinikin kasuwar duka nasa ne. In ba ta gamsu ba, akwai wani.

Muka yi lodi da hantsi. Hanya duk ramuka, ga tirelar siminti a gabanmu.

"Direba, taka mana."

"Alhaji, in na taka, ƙanƙarar za ta riga mu sauka."

Ruwa na ɗiga ta bayan mota, awaki uku na biye da mu suna lasa. Kawu ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe kayan.

A kasuwa, Uwar Kwando ta ɗaga bulo guda da yatsu biyu. Bai fi sabulun wanka ba.

"Malam, wannan a kan kifin za a sa, ko a bakinsa?"

"Da girmanta ta baro gida, Hajiya."

"To ai ba a gidanka muke ciniki ba."

Kawu ya sosa ƙeya. "Ba za ku riƙa hawo da kifin sama ba? Akwai iska."

"Fara lallashin tekun. In ya yarda ya hau, muna bayansa."

Ta yafito wani mai turo ƙanƙara a kura, wanda shagonsa ke bayan kasuwa, ƙanƙararsa har hayaƙi take yi.

A hanyar komawa, jiƙaƙƙiyar riga a cinyarsa, Kawu ya juya wajen direba.

"Direba, mutum nawa suka hau da injin nan?"

"Takwas."

"Nemo su gobe. Ka ce musu wannan karon saukowa ce."