Tudu Ko Fadama

Da hantsi ne, tara ba ta ƙarasa ba. Ruwan da ya kwana uku yana zuba ya ɗauke, rana ta fito fes, ƙasa sai tururi take yi. Eulalia ta fito da ɗan tebur baranda, ta ɗora kofin ruwa da ashana da akwatin katakon mahaifinta. Tun da ta tashi ba ta sa komai a baki ba, ko gahawa, ita da ba ta iya amsa gaisuwa sai ta kurɓa.

Guguwar watan jiya ta yi musu ɓarna. Ta kwashe rumfar shanyar ganyen taba, ta wanke lambun iri, dashen tabar da ya tsira bai wuce na gona ɗaya ba. Gonakin kuwa biyu ne, ta fadama a bakin rafi da ta tudu mai jar ƙasa. In suka dasa a inda ya dace, su sake kafa rumfa. In suka kuskure, baɗi su ne 'yan ƙwadago a gonar wasu.

Shekara tara da suka wuce, a shekara mai ruwa irin wannan, mahaifinta, tsoho Nicanor, ya shuka irin nan a gonakin biyu. Ɗaya ta ba shi ganyen da har yau ake labarinsa a garin San Luis, bai kuma taɓa faɗa wa kowa wacce ba ce. A lokacin Eulalia tana birnin Habana, tana aikin ɗanɗana taba a kamfani, ƙanenta Dagoberto kuma yana soja. Yanzu tsohon yana zaune kan kujerarsa mai lilo, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi. Ka ce masa tudu ya gyaɗa kai, ka ce fadama ya gyaɗa kai. Abin da ya rage kawai karan taba ɗaya ne daga cikin waɗanda ya naɗa da hannunsa da ganyen nan. Ɗanɗanonsa kaɗai zai nuna gonar da ganyen ya fito.

Dagoberto ya hawo baranda da laka har gwiwa.

"Yaya, dashen nan fa ba zai kai gobe ba. Ke kina nan kin shirya tebur kamar za a ɗaura aure."

"Goge ƙafarka, Dago."

"Fadama ce, na faɗa miki. Ruwa ga shi nan a gindinta. Tudun nan wa zai kai masa ruwa? Ni da bijiman nan biyu da suka girme ni?"

Ita ma a ranta fadamar take so, don ta san nauyin gangar ruwa a hawan nan. Ta ɗauko karan. Ya yi duhu, yana ɗan sheƙi, ta matsa shi kusa da kunne ta ji bai yi ƙaras ba. Ta yanke kan da wuƙar tsohon. Dagoberto ya miƙo laita.

"Kawar mini da warin fetur ɗin nan. Shekara tara yana kwance, ka kashe shi a minti ɗaya?"

"Tuba nake, malamar Habana."

Ta ƙyasta ashana, ta bari kan ya cinye, sannan ta riƙa juya bakin karan a saman harshen wutar har ya kama ko'ina. Ta ja sau ɗaya, ta riƙe hayaƙin a baki, ta sake shi a hankali. Tsoho Nicanor ya daina lilo. Idonsa ya bi hayaƙin har ƙarƙashin kwano.

Laushi ta fara ji, kamar dafaffiyar madara, da ƙamshin katakon akwatin, can baya kuma wani ɗan zaƙi-zaƙi irin na zuma.

"Yaya? Me karan ya ce?"

"Laushi."

"Kin ji ko! Ganyen fadama ke nan. Ba ni in ja ɗaya, mu tashi."

"Kai da kake zuƙa kamar injin ban ruwa? Zauna."

Ta san abin da bai sani ba. Ganyen fadama laushinsa daga fari har ƙarshe ne. Na tudu yana da wani yaji irin na masoro da ke tsayawa a bayan maƙogwaro, amma daɗewa takan kwantar da shi, ya ɓuya, ba ya fitowa sai wuta ta kusa yatsa. Wanda ya yi gaggawa kuma ya zafafa karan, ɗaci kawai zai ji, shi ke nan an rasa shaidar.

Ta riƙa ja sau ɗaya, ta ajiye, ta kurɓi ruwa, ta jira. Toka ta yi tsawo ba ta faɗi ba. Rana ta hau, inuwar baranda ta tsuke. Dagoberto ya sauka ya duba dashen, ya yayyafa masa ruwa, ya dawo. A tsakiyar karan ɗanɗanon ya koma na gasasshiyar gyaɗa da fata, har yanzu babu yaji.

"Rabi ya wuce, Yaya. Ya isa haka. Kalle ki, fuskarki ta canza launi, babu komai a cikinki."

Gaskiya ya faɗa. Kanta ya soma juyawa, gumi mai sanyi ya tsatso mata a goshi. Da ta ce fadama a nan, babu wanda zai musa mata, bayanta ma ya huta bana. Ta dubi mahaifinta. Bai ɗauke ido daga hannunta ba.

"Sai ya ƙare," ta ce.

Karan ya rage kamar gaɓar yatsa biyu. Ta soke shi da tsinken ashana don ta iya riƙewa, ta ja a hankali, ta fitar da kaɗan ta hanci. Sai ga shi. Ya taso daga can ƙasa, ya zauna a bayan maƙogwaronta, masoro da ƙamshin jar ƙasa bayan ruwan fari. Ta kurkure baki, ta sake ja don kada ta yaudari kanta. Yana nan, har ya fi na ɗazu.

Ta ajiye guntun a kan murfin akwati.

"Tudu."

"Ke dai ba kya ƙaunata," in ji Dagoberto. "Kin tabbata?"

"Shirya bijiman. Ganga ɗaya taka, ɗaya tawa."

Ya tsaya yana kallon hawan, ya yi tsaki, ya shige cikin gida yana mita. Ta ji ƙarar kwanuka a kicin. Ta yunƙura za ta tashi, jiri ya mayar da ita. Can sai ga shi ya fito, ya dire mata ƙaramin kofin gahawa mai zafi da guntun burodi, ya tura guntun tabar kusa da kujerar tsohon inda sauran hayaƙin zai kai masa, ya sauka ya nufi turken bijimai. Ta ɗauki kofin da hannu biyu, idonta na kan tudu.