Buhun Gyaɗa a Aji Biyar

Ranar da aka ba da dogon hutu, Suhaibu ya dawo gida da tambayoyin lissafi har sittin. Mahaifinsa Mainasara, manomi a Baure, ya daɗe yana jiran hutun nan, don damina ta kankama, ciyawa na neman cinye masa gero.

Washegari ya tare Malam Munzali, malamin aji biyar, a bakin masallaci.

"Malam, wata tara yaron nan yana hannunku, ban taɓa aiko masa da fartanya ba. Yanzu da lokacina ya zo, sai ku biyo shi har gida?"

"Don kada ya manta karatu ne, Baba," in ji malamin.

Kullum da azahar sai Mainasara ya sallami yaron daga gona, ya tsaya ya ƙarasa kunyoyin shi kaɗai, bayansa kamar zai ɓalle. Suhaibu kuwa ya gama tambayoyin tsaf.

Ranar komawa makaranta, Mainasara ya ɗora buhun gyaɗa a keke, ya tura har ƙofar aji biyar, ya dire shi gaban allo.

Malam Munzali ya miƙe. "Baba, lafiya? Wannan fa?"

"Lafiya lau. Naku aikin ya gama shi, ku duba. Wannan nawa ne. Ya ɓare ta nan cikin aji kafin a tashi, don kada ya manta noma."